Goron da Koci Ya Ci

Shekarar da azumi ya faɗo cikin Nuwamba, a shagon Alhaji muke shan ruwa. Ba don kunun gyaɗar matarsa Hajiya ba, ko da yake ba ta wasa da shi. Dalili shi ne Alhaji ke da rediyo a kan kanta, kuma ɗansa ya shiga ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'a a shekarar. Shagon yana gabashin Greensboro, tsakanin gidan wanki da wani ɗan coci da a da shagon takalma ne. Ana sayar da manja da garin kwaki da daddawa da busasshen kifi da katin buga waya gida. Daga ciki akwai benci biyu da akwatunan lemo da muke kifewa mu zauna.

Alhaji mutumin Maraɗi ne, ya girme mu duka, kuma rabin mutanen da ke zama a shagon a ɗakinsa suka fara kwana da suka sauka a garin. Ni ɗan Zariya ne, tasi nake ja, ina jiran fasinja kusa da tashar bas ta tsakiyar gari. Na taɓa buga ƙwallon kwando a sakandare, ba wani abin a zo a gani ba, amma na san dokokinta. Sai dai a lokacin na haura talatin ban yi aure ba, kuma kowa ya san nauyin maganar tuzuru a gaban dattawa. Ga ni da saurin baki. Wannan ma bai taimake ni ba.

Ƙungiyar ta shekarar yara ce zalla. Manyan sun gama karatu sun tafi lokaci ɗaya, aka bar koci da sababbin shiga. Farkon kakar wasa sai aka riƙa kai su gidajen manyan jami'o'i ana lallasa su, su dawo a bas. Mu kuma muna nan muna sauraro, bakinmu cike da ƙosai. Mutanen da a watan Satumba ba su san mutum nawa ke shiga fili ba, kafin tsakiyar azumi kowa ya zama koci. A cikin 'yan wasan akwai wani ɗan gajere mai raba ƙwallo wanda ya fi kowa shan zagi a wurinmu, don yana riƙe ta kamar gadon ubansa. Akwai wani mai jifa daga nesa, in ta shiga sau ɗaya sai ya ci gaba da jifa har a tashi, ko da ba ta sake taɓa ƙarfen kwandon ba. Babban cikinsu guda ɗaya ne, wani ƙato mai tsayawa ƙarƙashin kwando, shi kuma gwiwarsa ba ta da lafiya.

A shagon, wanda ya fi kowa hayaniya wani mutumin Kumasi ne mai gyaran mota. Ba mugu ba ne, amma irin mutanen nan ne da in ba su yi tsokana ba abinci ba ya wuce musu. Shi zai ce yaran nan a ba su shekara biyu za su ba da mamaki, gobe kuma shi zai ce a sallame su duka a ɗauko 'yan firamare. Ni ina cewa a yi haƙuri, yara ne, ƙashinsu bai yi ƙwari ba. Malam, wanda ke ja mana salla in liman ba ya nan, kuma yake aiki a wani ofis a Elm Street, shi nasa kullum koci ne bai iya canjin 'yan wasa ba. Haka za mu yi ta yi har lokacin tarawi, ba wanda ya sauya ra'ayin wani.

Abu ɗaya ne ba ma taɓawa da farko. A duk wasannin nan mai sharhi bai taɓa ambaton ɗan Alhaji ba.

An haifi yaron a Maraɗi, aka zo da shi yana ƙarami. Dogo ne ƙwarai, sai ya sunkuya kafin ya shigo shagon ubansa, amma siriri kamar sillen kara. Hannunsa yana da kyau, yana da natsuwa, abin da ba shi da shi nama ne. Ranar da jami'ar ta ɗauke shi, Alhaji ya je wata gona a Summerfield ya yanka rago, muka ci har da guzuri. Ya ƙarar da katin waya ban san iyaka ba yana shaida wa 'yan uwa a gida cewa ɗansa zai fito a talabijin.

Abin da Alhaji bai fahimta ba shi ne shirin da koci ya yi wa yaron. A ƙa'idarsu, ɗalibi yana da kakar wasa huɗu, amma an yarda ya cinye su cikin shekara biyar. Don haka in yaro yana da baiwa jikinsa bai kai ba, sai a ajiye shi shekarar farko. Zai yi atisaye da ƙungiya, ya ci abinci, ya ɗaga ƙarfe, amma ba zai shiga wasa ba. In ya yi haka, kakarsa huɗu suna nan cif suna jiransa, ya buga ta ƙarshe yana cikakken namiji. In kuwa ya taka fili ko na minti ɗaya ne, shi ke nan, an ƙirga masa shekarar. Yara biyu koci ya ajiye a haka: ɗan Alhaji da wani Bature mai jan gashi daga yankin duwatsu. Yaron ya yi wa ubansa bayani tun farko, rabi Hausa rabi Turanci, Alhaji ya ce to. Ashe shi ya ɗauka maganar sati biyu ce ko uku.

Wasan farko da aka yi a gida muka je mu da yawa. Alhaji ya sha babbar rigar shadda, ya zauna a gaba. Yaron ya fito cikin kayan ɗumi, ya je can ƙarshen benci ya zauna. In an yi hutu sai ya tashi ya miƙa wa abokansa tawul da ruwa, ya dafa kafaɗarsu. Duk lokacin da koci ya waiwaya benci sai in ga Alhaji ya gyara zama. Har aka busa tashi ba a kira shi ba, kuma aka cinye mu. A mota mutumin Kumasi ya kasa haƙuri.

"Ei, Alhaji, yaronka ya iya miƙa tawul ƙwarai paa. Ko sau ɗaya bai faɗi ba."

Wasu suka yi dariya. Alhaji ma ya yi murmushi, amma na ga yadda ya damƙe carbinsa. Daga ranar abin ya zama abin tsokana a shago. In an ci mu sai a ce ai mai tawul bai yi aikinsa ba. Ba da mugunta suke yi ba, wannan na sani, amma ni raina yana ɓaci, don ina ganin abin yana cin dattijon. Ga kuma 'yan gida suna ta tambaya a waya ko yaushe za a aiko musu da kaset su ga yaro.

Wata rana bayan shan ruwa na zauna na sake yi wa Alhaji bayanin ƙa'idar dalla-dalla. Ya saurare ni har na gama.

"Wato a aje shi kamar hatsi cikin rumbu?"

"Ƙwarai kuwa, Alhaji. Ranar da za a buɗe rumbun za ka yi murna."

"Bon, ji nan, yaro," ya ce. "Ni tun da niz zo duniya ban ga abin da anka ba mutum don ya zamna shiru ba. Takardar shigowa ƙasag ga, sai da nit tahi nig ga mutum. Shagon ga, sai da nit tahi nig ga mai shi. Kana tsammanin sauran yaran ba su da iyayen da ke magana da koci? Wanda bai da kowa, shi aka mancewa bisa benci."

Na ce masa nan ba haka ake yi ba. Ya ce ko'ina mutum mutum ne. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba ƙarya ya yi ba game da rayuwarsa. Duk abin da ya samu, da ƙafarsa da gaisuwarsa ya same shi, kuma mu da muke zaune a shagonsa da yawa ta wannan hanyar ya samo mana aiki. Ta yaya za ka gaya wa irin wannan mutum cewa akwai ƙofar da ƙwanƙwasa ta ɓarna ce?

Kwana kaɗan kafin salla yaron ya same ni a tashar bas da rana, ya naɗe ƙafafuwansa ya shiga gaban motata. Ba mai yawan magana ba ne, kuma Hausarsa ta gaisuwa ce da amsa kira.

"Kawu, ka yi masa magana, please," ya ce. "Ban shirya ba. A practice ma ture ni suke yi kamar ba kowa a wurin. I need this year."

Ya ce koci ya gaya masa in ya yi haƙuri ya ƙara nauyi, shekararsa ta biyar za a zo kallonsa daga nesa. Ya ce shi bencin bai dame shi ba, ya san abin da yake jira. Na tambaye shi me ya sa ba zai faɗa wa ubansa haka da bakinsa ba. Ya dube ni kamar na ce ya ɗaga motar da hannu ɗaya. Na yi masa alkawarin zan sake gwadawa, na kuma gwada, har na haɗa da Malam. Malam ya ce ya fahimta, amma a ganinsa gaisuwa ba ta ɓata komai.

Bayan salla sai na ji an shirya. Alhaji da Malam da wasu dattawa biyu za su je su gaida koci, su yi wa yaro kamun ƙafa. An tanadi goro fari mai kyau, da kilishi, da tumtum na fata, da hula ɗinkin hannu. Aka ce ni zan kai su a motata. Na ce ba za ni ba, kuma ban faɗe shi da daɗi ba. Na ce za su je su ɓata abin da ba su san kansa ba. Ɗaya daga dattawan ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ɗayan ya ce in na haifi nawa sai in ajiye shi a rumbu. Malam ya ɗauke su a tasa motar.

Abin da ya faru a can, Malam ne ya ba ni labari daga baya, kuma na yarda da shi, don ba ya ƙari. Koci ya karɓe su da girmamawa. Ya tashi tsaye, ya sa aka ƙaro kujeru, ya yabi tarbiyyar yaron har Alhaji ya sunkuyar da kai. Da aka gabatar da kaya sai ya ba da haƙuri, ya ce doka ta hana shi karɓa. Fuskar dattawa ta canza. Mutumin ya lura ya taɓa musu zuciya, sai ya miƙa hannu ya ɗauki goro ɗaya, ya tambayi yadda ake ci, ya gutsira. Malam ya ce har hawaye sai da ya zo masa don ɗaci, amma ya haɗiye, aka yi dariya.

Sannan koci ya yi magana a fili. Ya ce zaɓin na yaro ne. In yaro ya zo da kansa ya ce yana so ya buga, zai sa shi, don ƙaton nan gwiwarsa ta sake tashi, ba shi da wani dogo. Amma shawararsa a bar yaron ya jira, domin da ya shiga shekarar ta tafi, ba mai dawo da ita. Malam ya rantse mini ya fassara duka, bai rage ko kalma ba, har ya maimaita ƙarshen. Amma a wurin dattawa magana ta riga ta ƙare tun da mutumin ya ci goronsu. Sauran bayanin suka ɗauke shi irin jan ajin da babban mutum ke yi don kada a ce ya amsa da wuri. Suka dawo shago fuska a sake, ana ta yi musu sannu da zuwa.

Washegari da la'asar yaron ya shigo, ina nan. Alhaji ya ce masa ya je ya yi wa koci godiya, ya shaida masa ya shirya.

"Baba, shekara ɗaya ce kawai," yaron ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Just one year."

"Dattawa sunka taka da ƙahwahunsu sabili da kai," in ji Alhaji. "Mutumin ya ci goronmu. Yanzu kana so in koma in ce masu ɗana ya ce bai so? Da wane baki?"

Yaron ya dube ni. Ni kuwa na buɗe baki na zuba abin da ke cikina. Na ce wannan ba gata ba ne, cuta ce. Na ce don a rufe bakin mai gyaran mota za a yanka wa yaro shekara guda. Alhaji bai ɗaga murya ba, ya dai ce mini in na gama sayayya ƙofa a buɗe take. Na fita ina huci, na yi kusan sati biyu ban leƙa ba. A cikin kwanakin nan yaron ya je ya ga koci. An ce koci ya tambaye shi har sau biyu ko ya tabbata, ya ce ya tabbata.

Ranar wata Asabar da rana a watan Disamba aka yi wasan. Na ce ba za ni ba, amma ƙafata ta kai ni. Ban taɓa ganin mutanenmu sun cika wuri haka ba in ba filin idi ba. Hajiya ta zo da ƙawayenta cikin lufaya da manyan rigunan sanyi a sama. Yara sun rubuta kwali. Mutumin Kumasi ya zo da wani ɗan ganga, masu gadi suka hana shi shiga da shi. Alhaji yana gaba cikin shaddarsa, dattawan nan biyu a gefensa.

Bayan an dawo hutun rabin lokaci koci ya waiwaya benci ya yi masa alama. Yaron ya cire kayan ɗumi, ya je gaban teburin masu rubuta maki ya durƙusa yana jiran a tsayar da wasa. Mata suka rangaɗa guɗa har Turawan da ke kusa suka juyo. Ni shi nake kallo. Bai dubi inda ubansa yake ba, bai dubi fili ba, ƙasa yake kallo. A bayansa Baturen nan mai jan gashi yana zaune shi kaɗai a ƙarshen benci, tawul a cinyarsa. Da aka busa, yaron ya miƙe ya taka layi. Na ji kamar in yi ihu a ce a dakata.

Wanda aka haɗa shi da shi wani ƙato ne ɗan shekarar ƙarshe, mai wuya kamar turmi. Karon farko ya ture shi da kafaɗa, yaron ya zauna a ƙasa. Ya tashi. Mutumin ya sake ture shi. Can ƙwallo ta bugi ƙarfe ta faɗo wajensa, ya miƙa dogon hannun nan ya mayar da ita cikin kwando. Alhaji ya miƙe tsaye, hannu biyu sama, hularsa ta faɗi bai sani ba. Na ga hawaye a fuskarsa. Wallahi a wannan lokacin ban iya jin haushinsa ba, tausayinsa ne ya kama ni. Bayan haka yaron ya yi laifi biyu a jere don ba shi da ƙarfin tare mutumin sai da hannu, koci ya fitar da shi. Aka ci mu kamar yadda aka saba.

A shago ranar kamar an yi suna. Mutumin Kumasi ya nemi gafara a gaban kowa, ya ce daga yau ba mai tawul. Aka sami kaset aka aika Maraɗi. Alhaji ya hango ni a bakin ƙofa ya kira ni da kansa, ya miƙo mini nama, ya ce komai ya wuce, ai yaro da kuskure aka san shi. Na karɓa na ci. Aikin gama ya gama.

Sauran kakar ba ta da labari. An riƙa sa shi 'yan mintuna nan da can, ana ture shi. Cikin Janairu ƙatonmu mai ciwon gwiwa ya warke ya dawo, yaron ya koma ƙarshen benci, sai dai yanzu cikin rigar wasa. A shago hira ta koma kan ɗan gajeren nan mai riƙe ƙwallo da mai jifan banza, da ko za a kori koci. Ba wanda ya sake tayar da maganar shekarar da aka ci. Ina jin yawancinsu ba su ma san an ci wani abu ba.

Shekara ta biyu yaron ya ɗan samu shiga. Ta uku aka fara farawa da shi. Ta huɗu kuwa, sai ga abin da koci ya hango tun farko. Jiki ya cika, kafaɗa ta buɗe, wanda ya zo ture shi sai shi ya koma baya. Mai sharhi ya koyi faɗin sunansa daidai. Ɗan gajeren nan ma ya yi hankali, ya koyi miƙa masa ƙwallo. Muka yi ta cin wasa har muka fara mafarki, sai a ƙarshe aka fitar da mu a gasar yanki da ɗan bambanci kaɗan. Wasu masu neman 'yan wasa daga Turai sun zo sun gan shi. Suka ce yaron yana da kyau, amma kaka ɗaya ce tak ya yi mai kyau, suna so su ga ya maimaita. Babu inda zai maimaita. Kakarsa huɗu sun cika, har da wadda ya buga 'yan mintuna.

Yaron ya gama karatu lafiya, ya samu aiki a ofishin wani gidan ajiye kaya wajen filin jirgi. Ba wahala yake sha ba, kada in yi ƙarya. Ran Asabar yakan zo ya taya ubansa a shago, don Alhaji ya fara rauni, idonsa ya rage gani. Bai taɓa ɗaga maganar ba, ko da ni. In mun haɗu sai ya ce, "Kawu, ina wuni," ya tambaye ni matata, don zuwa lokacin na yi aure, maganata ta fara nauyi a shago bayan ba ta da sauran amfani.

Nuwamba ta sake zagayowa. Azumi ya riga ya matsa baya ya bar mana watan, sai shayi muke sha a shago. Ƙungiyar shekarar ita ce mafi kyau da muka taɓa gani. Baturen nan mai jan gashi, wanda ya zauna shekararsa cif, shi ne kyaftin, ya zama namiji sosai, jifansa ba ya kuskure. Yaran da suka shigo bayansu sun nuna. Abu ɗaya suka rasa, dogo a ƙarƙashin kwando. Duk wasan da suka faɗi, a nan aka ci su, kuma mai sharhi ba ya gajiya da faɗa.

Wata Asabar da yamma muna sauraron wasan gida a rediyo. Yaron yana jera katan-katan na madara a kanta ta sama, wadda kowa sai da tsani yake kaiwa. Saura kaɗan a tashi muna gaba, abokan karawa suka yi jifa ta ƙi shiga, suka sake ɗauka, ta ƙi, suka sake ɗauka a karo na uku suka zura. Aka busa. Mutumin Kumasi ya bugi cinyarsa.

"Ei! Da yaronmu na ciki, wa zai ɗauki ƙwallon nan sau uku?"

Ya faɗa kafin ya tuna yaron yana tsaye a bayansa. Akwai wani baƙo da bai daɗe da zuwa daga Damagaram ba, ya ɗaga kai ya dubi tsawon yaron, ya tambaya ko shi ma ya taɓa bugawa. Nan Alhaji ya gyara zama, fuskarsa ta yi haske. Wannan labarin ya fi son bayarwa a duniya. Ya ba da shi tun daga tawul, da dattawan da ya tara, da kayan da aka ƙi karɓa, da goron da koci ya ci har ya yi hawaye, da ranar da mata suka yi guɗa.

"Da ban tahi ba, da sun bar shi nan bisa benci shina ruɓewa," ya ce. "Wani ma cewa yay yi in aje shi cikin rumbu." Ya yi dariya yana nuna wajen da nake. Sannan ya juya inda yake jin motsin ɗansa. "Ko ba haka ba?"

Na ji jinina ya hau. Na buɗe baki. Yaron ya dube ni daga can sama, katan a hannunsa, ya girgiza kai kaɗan, yadda ba wanda ya gani sai ni.

"Haka ne, Baba," ya ce da Hausa. "Allah ya saka da alheri."

Alhaji ya ce amin, ya ci gaba da ba baƙon labari. Yaron ya ajiye katan ɗin a wurinsa, ya ɗauko na gaba.

Da aka rufe shago ya ce in rage masa hanya, motarsa tana wurin gyara. Ya tura kujera baya iyakarta ya shiga. Hanyar gidansa ta gaban jami'ar take bi, kuma muna hawa titin sai ga mutane suna ta fitowa daga zauren wasa, sun cika gefen hanya, ɗan sanda yana tsayar da motoci su tsallaka. Wasu yara suna tafe suna buga ƙwallo a ƙasa. Na rage gudu zan shiga layin motoci.

"Kawu," ya ce, idonsa a kan gwiwoyinsa. "Don Allah bi ta wata hanya."

Na sa sigina na juya.